Ƙaramin Lagireto Kafin a Ja Igiya

Alhamis, 4 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Saura kwana goma sha takwas a ja igiyar rabon wuraren rumfuna a bikin San Miguel, can saman dutse.

Na ɗauko wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da bakanike ya ce, saboda bakanike in ya ga mace ita kaɗai, abin da ya faɗa ran Litinin ba shi yake tunawa ran Laraba ba. Shekara ashirin da shida ina sayar da alewa da roska, biskit ɗin nan mai kamar zobe, a kasuwannin biki, na san fuskar mutumin da ke shirin canza magana.

Motar tana gindin mangwaro inda aka sauke ta tun sha tara ga watan jiya. Rumfarmu mai tayoyi tana ɗaure a bayanta, ko kwance ta ba a yi ba. Kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashi. Akori-kurar Maclovio ce, ni dai matarsa ce. Nakan karɓi sitiyari in hanya ta miƙe kuma barci ya kama shi. Da rumfa a baya ban taɓa hawa dutse ba.

Bari in rubuta abin yadda yake, ko zan daina juya shi a kai. Ran ashirin da biyu da tsakar rana Don Casimiro mai rabon wurare zai fito da igiyarsa da littafinsa, ya bi layi yana kiran suna. Rumfa ta kasance a kan wurinta, mai suna ya amsa. In babu rumfa, maƙwabci ya miƙe ƙafa, an gama. Namu shi ne na kusurwa, daidai ƙofar coci, inda duk wanda ya fito daga addu'a sai ya ci karo da alewar kwakwa. Abin da kusurwar nan ke kawowa a kwana tara shi ke riƙe gidan nan har Kirsimeti. Sunan da ke littafin na Maclovio ne.

Maclovio ya sha kunu rabin kofi. Tun ran da motar ta mutu mana a hanya ɓarin jikinsa ya shanye.

Juma'a, 5 ga Satumba, la'asar

Don Fidelino ya zo. Shi ne bakaniken unguwa, gajere, ga tumbi, kullum da tsinke a baki. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar awon man giya, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Shaƙi nan, Doña Linda."

"Na shaƙa ran da abin ya faru. Ya ishe ni."

"Man giya ja ne kamar zoɓo. Wannan kuwa kofi ne da aka manta a kan wuta. Giyar nan ba ta mutu ba, amma ta leƙa lahira ta dawo."

Na ce a yi mata me. Ya ce a zubar da man, a canza matacin ciki, sannan a ƙara mata ƙaramin lagireto na man giya a gaban babban, inda iska ke bugawa. Mota mai canza giya da kanta, in tana jan kaya a hawa, man ne ke shan wuya. In ya tafasa sai giya ta riƙa zamewa, inji na ihu, mota na tsaye.

"Na gaya wa Maclovio ya fi sau goma. Ya ce wanda ya ƙera motar ya fi ni ilimi."

"Ai bai yi ƙarya ba."

"Bai yi ba. Amma wanda ya ƙera ta bai taɓa jan shagon alewa zuwa Zunil ba."

Ya tambaye ni ya jikin Maclovio. Na ce da sauƙi. Na tambaye shi ko ana samun ƙaramin lagireton a nan, ko sai na je Mazate.

Asabar, 6 ga Satumba, safiya

Ruwa tun asuba. Ba a taɓa mota ba.

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Mazate, layin masu kayan mota. Na shiga shago huɗu kafin in nuna abin da nake so, don in ka shigo kana nuna abu da yatsa ka riga ka sayar da kanka.

A na biyar mai shagon ya ce, "Sarauniyata, me za a kawo miki?"

Na ce sarauniya ba ta shiga bas da laima, ya fito da lagireton man giya. Ya fito da wani siriri, bututu ne kawai ya yi ta lanƙwasa kamar hanjin kaza. Don Fidelino ya riga ya gargaɗe ni da shi, ya ce in nemi mai faranti jere da juna, mai nauyi. Na ɗaga na hanjin kazar da yatsa biyu, na ajiye.

"Wannan na mai kai yara makaranta ne. Ni kaya nake ja."

"Maigidan ne ya aiko ki?"

"Motar ce ta aiko ni."

Sai ga shi ya shiga ciki ya fito da na gaskiya. Ya faɗi kuɗi, na yi dariya, na tambaye shi ko da motar ake haɗawa. Na kai bakin ƙofa sau biyu. A na biyun ya biyo ni har titi, ya ƙara mini tiyo da ƙarafan ɗaurewa, yana cewa ko uwarsa ba ta yi masa haka ba. Na ba shi alewar madara guda biyu. Mutum in ka yanke shi, ka bar masa abin tsotsa.

Da na dawo na nuna wa Maclovio. Ya duba, ya ce madalla. Ita kaɗai ce kalmar da ta rage masa. Ya ce wa allura madalla, ya ce wa limamin coci madalla, jiya kaza ta hau masa gado ya ce mata madalla.

Talata, 9 ga Satumba, azahar

Komadre Rutilia ta zo dubiya. Ita ta riƙe 'yata ran baftisma, shi ya sa muke ce wa juna komadre, kuma rumfarta ta soyayyen dankali ce ke manne da tamu a San Miguel shekara goma sha tara. Ta zo da farfesun kaza a kwano mai murfi. Ta yi minti biyar a ɗaki, ta yi minti ashirin a gindin mangwaro tana kallon mota.

"Ayya, komadre. Wannan za ta tashi kuwa?"

"Ta fi ni lafiya."

"Wa zai tuƙa?"

"Wanda ke da makulli."

Ta gyara gyale. Sai ta ce ita ba don komai ba, amma na san Don Casimiro. Ba a amsa wa mai rai. Ko mai suna ya amsa da bakinsa a kan wurinsa, ko matarsa ta tsaya a gaban layi ta ce ya ajiye sana'a, a soke shi a rubuta ta. Kuma wanda aka soke ba ya dawowa littafi.

"Zai amsa," na ce.

"Allah ya sa, komadre. Ni dai in abin ya gagara, sai in riƙe miki wurin bana. Amana."

Na san amanar Rutilia. Ta ari tukunyata ta tagulla shekarar da aka yi girgizar ƙasa.

Farfesun ya yi gishiri. Ya sha duk da haka.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya

An zubar da tsohon mai, an canza mataci. Don Fidelino ya nuna mini kaskon da ke ƙasan giyar, da baƙin gari kwance a ciki kamar tokar murhu. Ya ce babu gutsuren ƙarfe, mu gode Allah.

Sannan ya kwance ragar gaba don ya ga inda zai kafa sabon.

Ya tsaya. Ya cire tsinken daga baki. Ya zura hannu tsakanin raga da lagireto, ya zaro kwali. Babba, an ninka shi biyu, ya rufe rabin lagireton daga ƙasa, daidai inda man giya ke bi ya huce.

"Kai! Kai, kai, kai. Doña Linda, zo ki ga abin da ya dafa miki giya."

Na je na gani. Kwalin sukari ne.

"Wannan aikin mutanen sama ne. Can sanyi ke hana inji ɗumi da safe, sai su toshe masa iska. To amma a sauko da shi nan, cikin wannan zafi, a loda kaya, a sake hawa? Tsohon direba kamar Maclovio! Wallahi da wani ya gaya mini sai in ce sharri ne."

Na miƙa hannu. Na karɓi kwalin, na ce zan hura wuta da shi.

Laraba, la'asar

Ban hura ba. Yana bayan buhun masara.

Alhamis, 11 ga Satumba, azahar

Mun yi gardama da Don Fidelino. Shi so yake ya raba man giya da babban lagireto gaba ɗaya, ya bi ta ƙaramin kawai. Ya ce haka yake wa masu jan rake, ba wanda ya dawo da kuka. Na ce masu jan rake ba sa kwana a San Miguel, inda ruwa ke daskarewa a bokiti.

"Ke kika yi shekara talatin a ƙarƙashin mota ko ni?"

"Kai. Amma ka taɓa wuce Zunil?"

"Sau ɗaya. Na yi mura wata guda."

Na tafi tasha, na sami wani tsohon direban bas ɗin sama yana cin wake da tortiya, wainar masarar nan, a bakin taya. Na zuba masa roska uku a cinya, na tambaye shi. Ya ce man ya fara bi ta babban, ya wuce ƙaramin, sannan ya koma giya. A zafi ƙaramin ya ƙarasa sanyaya shi, a sanyi babban ya ɗan ɗumama shi. In an raba su, da safe a sama man zai yi kauri kamar zuma, giya ta riƙa shiga da duka.

"Ko kuma ki yi irin tamu, uwa, ki sa kwali. Sai dai mai hankali yana cirewa kafin ya sauko."

Na ce na gode. Na karɓe roska ɗaya daga cikin ukun, ban san dalili ba.

Don Fidelino ya ce to, mota tawa ce. Na ce ta Maclovio ce. Ya ce haka yake nufi.

Asabar, 13 ga Satumba, safiya

Bututu biyu ne ke zuwa daga giya, ɗaya na kai mai, ɗaya na maido shi. A kan mai maidowa ake sa ƙaramin. Don Fidelino ya ce shi da ido yake ganewa. Ya kwance ɗaya, ya sa bokiti a bakin da ya tabbata nan man zai fito, ya ce in tayar in kashe nan take.

Na tayar. Man ya fito ta ɗaya bakin, ya wanke shi daga gemu har cibiya.

"Kashe! Kashe, mata!"

Na kashe, amma ban yi gaggawa ba.

Ya miƙe ja wur kamar an yanka shi, yana tofar da mai, yana zagin wanda ya ƙera motar da kakanninsa. Daga baranda na ji wani sauti. Maclovio ne. Rabin bakinsa na dariya. Ɗaya rabin yana inda yake.

Na shiga kicin na duba wake.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan coci

Yayar Maclovio, Eufemia, ta iso da akwati da kaskon turare. Za ta zauna da shi in na tafi. Ta ce "in kin tafi", ba ta ce "in kun tafi" ba. Na nuna mata inda magunguna suke.

Litinin, 15 ga Satumba, rana tsaka

Ranar 'yanci. Gareji a rufe, ganguna tun safe. Na dafa alewar kwakwa tukunya huɗu, ta madara uku. Hannu ya san aikinsa.

A Momos ne, can sama, farkon watan jiya, ran da muka tashi daga biki. Sanyi ya hana motar ɗumi. Maclovio yana ɗaure rumfa, ya ce in nemo kwali in zura. Ya ce, "Linda, in mun kai gida ki tuna ki cire, ni kaina ya cika." Na ce to.

Tukunya ta biyar ta kama. Na kankare, za a sayar wa masu son ta ƙone.

Talata, 16 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

An kafa. Yana zaune a gaban babban lagireto, an bar tsakani kamar kaurin yatsa, bakunansa na kallon gefe. Don Fidelino ya so ya ɗaure shi da irin robar nan da ake sokawa ta cikin babban, na ce a'a, hanyar sama duk rami ce, ya yi masa ƙafafun ƙarfe. Ya yi, yana gunaguni cewa gara aikin maza goma da na mai alewa ɗaya. An ƙara mai, an auna inji na aiki. Ya sa mini geji kusa da sitiyari, mai allura. Ya shafa jan fenti a inda in allura ta kai sai in tsaya.

"In kin tsaya kada ki kashe inji. Ki bar shi yana juyawa, man na zagayawa yana hucewa. In kin kashe, zafin ya kwanta a ciki."

Ran da abin ya faru, kashewa muka yi.

Laraba, 17 ga Satumba, la'asar

Gwaji. Mun cika durom huɗu da ruwa muka sa a rumfa, nauyin kaya ke nan. Ni a sitiyari, Don Fidelino a gefe, hannu ɗaya a ƙofa, ɗaya a kan gicciyen wuyansa.

"Kwana da faɗi, Doña Linda! Rumfar ba ta san kin juya ba!"

"Ta kusa sani."

Bayan San Felipe hanya ta fara miƙewa sama. Allura ta taso, ta tsaya a tsakiya. Muka wuce gonar kofi, muka wuce gada. Muka zo kwanar da motar ta mutu mana. Duwatsun da Maclovio ya tare tayoyin rumfa da su suna nan a gefen titi, uku a jere. Na huɗun yana can baya, inda ya faɗi daga hannunsa lokacin da ciwon ya buge shi.

Don Fidelino yana ba ni labarin wata mata da ta zuba man girki a burki. Ban ji ƙarshensa ba.

Gaba kaɗan na ji ƙauri. Na tsaya, ban kashe ba. Ya leƙa, ya ce ƙarfen ɗaure tiyo ɗaya ne ya saki, mai na ɗiga a kan bututun hayaƙi, kuma tiyon na gogar bakin ƙarfe, da mun kai Zunil da ya huje. Ya sa ɗauri biyu a kowane baki, ya naɗe wurin gugar da guntun tsohuwar taya. Ya ce laifin kamfanin ɗaurin ne. Na ce ai kuwa, su suka zo har gida suka ɗaura.

Mun sauko lafiya. Giya ba ta zame ko sau ɗaya ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, azahar

Asibiti. Na tambayi likita batun tafiyar Maclovio sama. Ya ce tsayin nan da sanyin nan ba nasa ba ne, ba bana ba, ba baɗi ba. Ya ƙara wata magana a kan hannun da bakin. Ban rubuta ba, wannan littafin na bakanike ne.

Na duba ƙarƙashin mota da muka dawo. Ƙasa a bushe.

Juma'a, 19 ga Satumba, safiya

Eufemia ta tafi kasuwa. Na ɗauko kwalin daga bayan buhu, na kai baranda, na ɗora wa Maclovio a cinya.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya bi sawun lagireton da ya fito a jiki da babban yatsa, layi bayan layi.

Na ce, "Fidelino yana zaton kai ne. Na bar shi a haka."

Na jira madalla. Bai ce ba.

Ya ɗaga kwalin da hannun hagu, ya fara fifita. Zafi ake yi ƙwarai. Ya yi wa kansa kaɗan, sannan ya juyo da shi wajena. Na zauna a ƙasa kusa da kujerar. Ya yi ta yi har hannun ya gaji.

Juma'a, la'asar

Na je gareji na gaya wa Don Fidelino wanda ya sa kwalin da wanda ya manta. Ya juya tsinke daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce, "To. Ki duba iskar tayoyin rumfa kafin ki loda."

Asabar, 20 ga Satumba, yamma

An loda. Alewa kwali goma sha ɗaya, roska kwando shida, fitilu, tamfol, bargo biyu. Na ɗauko na uku, na mayar.

Maclovio ya sa Eufemia ta turo kujerarsa har gindin mangwaro. Ya nuna sandar giya, ya ɗaga yatsa biyu, ya nuna sama. Ya sake ɗaga biyu, ya nuna ƙasa. Na ce na gane, ta biyu a hawa, ta biyu a gangara, kada in bar ta tana zaɓa da kanta, kada in kwanta a kan burki. Ya ce madalla. Wannan karon ina jin ita yake nufi.

Gobe da safe zan tashi, in kwana can, in huta kafin igiya.

Lahadi, 21 ga Satumba, azahar

Ban tafi ba. Jikin ya motsa da safe.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Ya lafa. Ya ci ayaba. Eufemia ta ce in na sake kwance kayan nan ita da kanta za ta tuƙa, kuma ko keke ba ta iya ba.

Litinin, 22 ga Satumba, ƙarfe tara da kwata, gefen titi

Na baro gida bakwai saura. Na tsaya ƙasa da Santa María, inda titi ke ratsa cikin dutse. Wata babbar mota mai siminti ta sa ni a baya tana tafiyar kunkuru, babu iska, allura ta yi ta hawa har ta shinshini jan fenti. Inji na juyawa. Ina kallon allura, ina kallon agogo.

Wani mai gasa masara ya leƙo ta taga. "Uwa, ta lalace ne? Ina direban?"

Na ce ya je fitsari tun watan jiya. Na sayi masara ɗaya.

Tara da minti talatin da biyar

Ta sauko tsakiya. Na tafi.

Litinin, ƙarfe biyu na rana, San Miguel

Daga Zunil sanyi ya karɓi aikin, allura ta kwanta. Na shigo gari sha ɗaya da minti ashirin. Titin coci ya cika da katako da tamfol da masu ihu. Teburin Rutilia ya riga ya shigo kusurwarmu da kamu biyu, da kaskon suya a kai.

"Komadre! Ke ce? Ai inuwa na ɗan biyo."

"Na gani. Inuwar ta dawo, matsa."

Shiga da rumfa da baya ya ci minti ashirin. Maza bakwai suna ba ni umarni, kowa da nasa hagun. A ƙarshe na ce a kwance ta a tura da hannu, na raba musu alewar da ta ƙone. Taya ta hau kan layi ana buga ƙararrawar sha biyu.

Don Casimiro ya taho da igiya a kafaɗa, da hularsa ta kullum, da tabarau a ƙarshen hanci. Ya auna gaba, ya auna gefe. Ya buɗe littafi.

"Maclovio Sacalxot."

Masu kafa rumfa suka daina buga ƙusa. Labari ya riga ni hawa dutsen, na gani a fuskokinsu.

"Maclovio Sacalxot."

Ya dube ni ta saman tabarau. Sau uku yake kira. Tun daga gida nake da maganganu a shirye, ya tsaya sayen mai, yana bayan gida, ga shi nan tafe. Na sayar da roskar shekaranjiya a matsayin ta safiyar yau ga mutanen da suka fi Don Casimiro wayo. Kuma na san da na faɗa, zai iya kau da kai bana. Baɗi kuma in nemo wata ƙaryar.

"Maclovio Sacalxot."

Na ce, "Ya ajiye sana'a, Don Casimiro. Ba zai ƙara hawowa ba. Rubuta Herlinda."

Ya cire hula. Ya sa ta a hammata, ya ja layi ɗaya da biro, a hankali, da ƙyar ma ake ganinsa. Ya tambaye ni yadda ake rubuta sunana, alhali ya sani. Ya mayar da hula, ya wuce wajen Rutilia.

Ita ta riƙe mini tsani na ɗaura tamfol. Ba ta ce komai ba, wanda a wajenta babban aiki ne.

Talata, 23 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Ruwa ya daskare a bokiti. Na tayar da mota don in ji, giya ta shiga ba duka.

Eufemia ta kira, ta kara wa Maclovio waya a kunne. Na gaya masa na tsaya sau ɗaya, minti ashirin, ban kashe ba. Na gaya masa ta biyu na yi ta bi har Zunil. Na gaya masa Rutilia ta ƙara ƙiba. Ina jin numfashinsa. Sannan na gaya masa na littafin.

Na duba ko wayar ta yanke. Eufemia ta karɓa, ta ce ya juya fuska bango, in kira da yamma.

An fito daga coci. Wata tsohuwa da ke saye a wajenmu tun 'ya'yanta na goye ta tsaya, ta leƙa bayan rumfa inda yakan zauna.

"Ina mai gidan?"

"Yana gida, uwa. Ta kwakwa ko ta madara?"